Taitaniyom a gefen waya ado ne, a cikin muƙamuƙi kuwa sai an tambayi ajinsa

Tun watan Satumban 2023 da kamfanin Apple ya fitar da iPhone 15 Pro, kalmar taitaniyom ta shiga bakin samarin Kaduna. A shagunan waya na titin Ahmadu Bello da kewayen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mai shago zai ɗora wayar a tafin hannun mai saye ya ce ya ji rashin nauyinta. Kuma ba ƙarya ya yi ba, giram 187 take, alhali iPhone 14 Pro mai gefen ƙarfe marar tsatsa giram 206 ce. Bayan wata huɗu Samsung ya biyo baya da Galaxy S24 Ultra. Daga nan kalmar ta zama kamar hatimi. Agogo, zobe, firam ɗin tabarau, kai har kondon waya na roba mai launin toka, da zarar an ce taitaniyom ne sai ciniki ya canza.

Akwai wata wayar kuma da ke tashe tsakanin matasan nan, wadda ba a saka ta a aljihu. Ita ce wayar haƙori, wadda likita ke ɗaurawa don daidaita haƙoran da suka turo gaba ko suka hau juna. Duk mai leƙa TikTok ya san ta fara zama abin gayu, kamar yadda haƙorin Makka ya zama a zamanin iyaye. Abin da ba a cika nunawa a bidiyo ba shi ne, wasu daga cikin masu wannan waya ana murɗa musu wani ɗan mitsitsin sukuru ta cikin dasashi har ya shiga ƙashin muƙamuƙi. Kaurinsa daga milimita 1.2 zuwa 2, tsawonsa daga milimita 6 zuwa 12, wato bai kai rabin tsinken ashana ba. Yawancinsu da taitaniyom ake yin su. Matsalar ita ce, matashin da tallan waya ya koya wa cewa wannan kalma ta wadatar, da wuya ya sake wata tambaya idan ya ji ta a kan kujerar likita. A nan ne kuwa ya fi kamata ya yi tambayar.

Me ya sa ake buƙatar sukurun tun farko? Idan likita ya cire haƙori ɗaya a kowane gefe don ya samar da gurbin da zai ja haƙoran gaba su koma baya, dole ya ɗaura abin jan a wani wuri. Idan ya ɗaura a turamen haƙori na baya, su ma za su riƙa matsowa gaba, su cinye wani ɓangare na gurbin. Kamar a ɗaure akuya a jikin akuya ne, duk biyun tafiya za su yi. Sukurun shi ne turke. An kafa shi a ƙashi, ba ya motsi, duk ƙarfin jan sai ya tafi inda ake so.

An daɗe ana neman wannan turke. A 1945 Gainsforth da Higley a Amurka sun gwada sukurun wani haɗin ƙarfe da ake kira bitaliyom a muƙamuƙin karnuka, duk suka kwance cikin makonni. A 1983 Creekmore da Eklund suka yi nasara a jikin mutum guda. Sai a 1997 likitan Japan Ryuzo Kanomi ya bayyana ƙaramin sukurun taitaniyom mai kaurin milimita 1.2 da aka tsara musamman don wannan aiki, likitocin Koriya ta Kudu kuma suka yaɗa shi a duniya. Abin da ya buɗe wa taitaniyom ƙofar jikin ɗan Adam kuwa shi ne aikin Per-Ingvar Brånemark na Suwidin, wanda a shekarun 1950 ya lura ƙashin zomo ya manne wa wata na'urar taitaniyom da ya dasa, ya ƙi sakinta. A 1965 ya yi wa mutum na farko dashen haƙori da shi.

Taitaniyom ba abu ɗaya ba ne

Wannan shi ne abin da talla ba ta faɗa. Taitaniyom aji-aji ne, kuma tazarar da ke tsakanin ajujuwan ta fi tazarar da ke tsakanin wayar naira dubu ɗari da ta miliyan. Aji na 1 zuwa na 4 su ne taitaniyom zalla, bambancinsu yawan iskar oksijin da ta narke a ciki: kashi 0.18 cikin 100 a aji na 1, zuwa 0.40 a aji na 4. Yawan oksijin na ƙara tauri, yana kuma rage lanƙwasuwa. Aji na 5 kuma haɗi ne, kashi 6 alminiyom, kashi 4 banadiyom, sauran taitaniyom, shi ya sa ake rubuta shi Ti-6Al-4V. Shi Apple ya ce ya saka a iPhone 15 Pro. Gwajin da masu fasa wayoyi a YouTube suka yi ya nuna gefen S24 Ultra aji na 2 ne. Duk kamfanonin biyu sun ce taitaniyom, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Ga bambancin a lissafi. Mafi ƙarancin ƙarfin ja da ƙa'ida ta yarda da shi ga aji na 2 shi ne megafaskal 345, aji na 4 kuma 550, aji na 5 har 895. Idan an mayar da shi harshen kasuwa: zaren ƙarfe mai faɗin milimita ɗaya murabba'i na aji na 2 an lamunce masa kusan kilo 35 ne kawai, bai kai buhun siminti ɗaya ba. Irin wannan zare na aji na 5 zai ɗauki kusan kilo 90, kusan buhu biyu ke nan. A gefen waya wannan bambanci bai dami kowa ba, domin gefen siriri ne da aka liƙa a kan firam ɗin alminiyom, aikinsa hana ƙarcewa da ɗaukar ido. A sukurun da bai kai kaurin ruwan biro ba kuwa, shi ne tsakanin fitowa lafiya da karyewa a cikin ƙashi.

Dalilin ƙarfin yana cikin yadda ƙwayoyin ƙarfen ke jeruwa. Taitaniyom zalla a zafin ɗaki yana da jeri guda da masana ke kira alfa, idan an gasa shi ya wuce digiri 882 sai ya koma wani jerin da ake kira bita. Alminiyom na ƙarfafa alfa, banadiyom kuma na riƙe wani kaso na bita ya zauna ko da ƙarfen ya huce. Sai a samu ƙananan ƙwayoyi iri biyu a saƙe da juna, tsagewa ba ta samun hanya miƙaƙƙiya da za ta bi. Amma hakan ya dogara da yadda aka gasa sandar aka kuma sanyaya ta. Sanda biyu masu sinadari iri ɗaya, ɗaya mai ƙananan ƙwayoyi ɗaya mai manya, ba jimiri ɗaya gare su ba. Maƙeri ya san wannan tun kafin a ƙirƙiro madubin gani-har-hanji: ruwan da aka tsoma wuƙa a ciki da lokacin da aka tsoma ta su ne rabin ingancinta.

Sannan ko aji na 5 ɗin ma yana da ƙane wanda ya fi shi tsabta, aji na 23, mai ɗauke da haruffan ELI. Sinadaransu ɗaya, sai dai an rage oksijin daga iyakar kashi 0.20 zuwa 0.13. Ƙarfin jansa ya ɗan sauka zuwa megafaskal 860, amma ya fi jure tsagewa, yana murɗewa ya ba da alama kafin ya karye. Shi ne ƙa'idar ASTM F136 ta tanada don abin da za a dasa a jikin mutum, kuma wannan lamba ko ta ISO 5832-3 ce ake tsammanin gani a takardar sukurun kirki. Wanda ya iya haddace Snapdragon 8 Gen 3 ba zai kasa riƙe F136 ba.

Inda sukurun ke karyewa

Mutane na zaton jan haƙori ne ke karya shi. A'a. Ƙarfin da ake ɗora masa a tsawon watannin aiki bai cika wuce nauyin giram 100 zuwa 300 ba, wato nauyin waya ɗaya. Lokacin haɗari shi ne sakan 'yan kaɗan da ake murɗa shi ya shiga, da ranar da za a kwance shi. Duk bakaniken babur a Kawo ko Unguwar Sarki ya san takaicin noti da kansa ya gutsure ya bar gangar jikinsa a cikin inji. Haka abin yake, sai dai injin a nan ƙashin mutum ne, kuma saiwoyin haƙora na gefe da gefe, tazararsu 'yan milimita.

Wani bincike da Motoyoshi da abokan aikinsa na Japan suka buga a 2006 ya ba da shawarar ƙarfin murɗi na niyuton-santimita 5 zuwa 10 ga sukuru mai kaurin milimita 1.6. Goman nan daidai take da a rataya waya mai giram 200 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 5. Ƙasa da haka sukurun ba zai kama ba. Sama da haka ƙashin da ke kewaye zai matsu ya yi ƙananan tsagu, ko ƙarfen ya wuce iyakarsa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama tauri da kaurin ɓawo, don haka ya fi neman ƙarfi, kuma a can likitoci suka fi huda ƙaramin rami kafin su murɗa.

Wani lissafi kuma ya kamata kowa ya sani, domin yana ba da mamaki. Jimirin sanda ga murɗi ba ya ƙaruwa daidai da kaurinta, yana ƙaruwa ne da kaurin sau kansa sau kansa. Sandar milimita 1.6 ta fi ta 1.2 jimiri fiye da ninki biyu, ta milimita 2 kuma ta fi ta fiye da ninki huɗu. Bambancin da ido ba ya rarrabewa ke nan. Likita na son siriri don ya wuce tsakanin saiwoyi ba tare da ya taɓa su ba, injiniya kuma na son mai kauri. Abin da ya sasanta su shi ne haɗin ƙarfe mai ƙarfi, shi ya sa masana'antar ta bar taitaniyom zalla, wanda har yau ake dashen haƙori na dindindin da shi, ta koma aji na 5 da na 23. Idan aka haɗa siriri da ƙarfe mai rauni, an rasa duka biyun.

Taitaniyom kuma yana da wani hali: ba ya yafe ƙarcewa. Duk wani ɗan tabo da injin yanka ya bari a cikin kwarin murɗin sukurun, nan tsagewa za ta fara. Shi ya sa sukuru biyu daga sanda ɗaya, ɗaya an yanka shi da kaifin kayan aiki an goge, ɗaya an yi shi da gaggawa, ba abu ɗaya ba ne ko da takardarsu ɗaya.

Gwanjo ba ya shiga ƙashi

Kasuwar waya ta koya wa matasa wata hikima mai kyau: ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa marar inganci. Wannan hikima ta tsaya a ƙofar asibiti. Sukurun da ya taɓa shiga ƙashi bakinsa ya dakushe, jikinsa ya sha murɗi sau biyu, shiga da fita. Tafasa shi a injin kashe ƙwayoyin cuta zai tsabtace shi, ba zai mayar masa da kaifi ba, kuma dakusasshen baki ƙarin ƙarfin murɗi yake nema. Masu ƙera su suna buga alamar lamba 2 da aka soke da layi a jikin leda, ma'ana amfani sau ɗaya. Mai jinya na da haƙƙin ganin an yage ledar a gabansa, kamar yadda ba ya karɓar sabuwar waya sai ya ga lilon kwalin bai taɓu ba.

To ta yaya za a gane na jabu? Da ido ba za a gane ba. A Panteka da ke Tudun Wada akwai mutanen da suka san ƙarfe kamar yunwar cikinsu. Za su ɗaga su ji nauyi, taitaniyom giram 4.5 ne a kowace santimita kubik, ƙarfe kusan 7.9, alminiyom 2.7. Za su goga shi a giranda su ga tartsatsi fari fat mai kashe ido. Duk wannan zai nuna taitaniyom ne, ba zai nuna ajinsa ba. Maganaɗisu ma bai da amfani, domin ƙarfe marar tsatsa na asibiti shi ma ba ya kamawa. Launi kuwa yaudara ce: shuɗi ko ruwan zinaren da ake gani a wasu sukurori kaurin fatar oksijin ce da aka sarrafa da lantarki, ana iya yi wa kowane aji. Ko bindigar gwajin sinadarai ta hannu da ke nuna alminiyom da banadiyom ba ta ganin oksijin, wanda shi ne ya raba aji na 5 da na 23.

Abin da ya rage shi ne takarda da amanar wanda ya shigo da kayan. Takardar ma ana yin ta jabu. A watan Yunin 2024 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta tabbatar tana binciken taitaniyom mai takardun bogi da ya shiga sassan jiragen Boeing da Airbus. Idan masu dakunan gwaji irin waɗannan za a iya shigar musu da shi, mai oda a manhajar sayayya ya ga ledar sukurori goma a farashin da bai kai na ɗaya ba, shi wa zai tsare? A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan aikin asibiti, kuma tambayar wane kamfani ne ya ƙera, wa ya shigo da shi, ba rashin kunya ba ce.

Za a iya cewa wannan duk tsoratarwa ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Karyewa ba ita ce babbar matsalar sukurun ba. Wani nazari da Papageorgiou da abokansa suka buga a 2012, wanda ya tattara sukurori kusan 5,000, ya samu kashi 13.5 cikin 100 sun gaza, kuma gazawar da aka fi gani kwancewa ce. Abubuwan da ke jawo ta sun haɗa da siraran ƙashi, kusanci da saiwa, da kumburin dasashi saboda rashin wanke baki. Wato matashin da ke wasa da kan sukurun da harshensa, ko yake ƙyuyar buroshi, ya fi mugun ƙarfe zama barazana ga kansa. Amma gazawar biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya kwance, a zare shi, wurin ya warke cikin kwanaki, a sake kafa wani. Wanda ya karye kuwa, ko dai a yanka dasashi a sassaƙe ƙashi a tono guntun, ko a bar shi a ciki idan tonowar ta fi haɗari. Abin da ba ya yawan faruwa amma gyaransa tiyata ne, ya cancanci tambayar minti ɗaya.

Za a kuma iya cewa likita ne ya san aikinsa, mai jinya ya yi shiru. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, domin amsarta na rubuce a ledar da ke hannunsa. Wanda tambayar ke tayar wa hankali shi ne wanda bai da amsa. Nan ne batun masu ɗaura wayar haƙori ta gayu a shagunan kwalliya da ta shafukan sada zumunta ya shigo. Matsar da haƙori aikin likitan haƙori ne mai rajista da majalisar likitoci ta MDCN, kafa sukuru a ƙashi kuwa ba a yin sa sai da hoton ƙashi da ya nuna inda saiwoyi suke. Duk wanda zai murɗa ƙarfe a muƙamuƙin mutum bai ɗauki hoto ba, ajin ƙarfen ma ya zama ƙaramar magana.

Wani abin da zai ba masoya kalmar mamaki: ba kullum taitaniyom ne zaɓi ba. Idan za a kafa dogon sukuru a ƙashi mai tauri sosai, kamar gefen muƙamuƙin ƙasa ta waje ko ƙasan ƙashin kunci, likitoci da yawa, musamman a Taiwan, sun fi son ƙarfe marar tsatsa mai kaurin milimita 2, saboda bakinsa na riƙe kaifi kuma yana lanƙwasa kafin ya karye. Apple ma a Satumban 2025 ya mayar da iPhone 17 Pro jikin alminiyom, wanda ya fi taitaniyom fitar da zafi nesa ba kusa ba. Waɗanda suka biya ƙarin kuɗi saboda kalmar shekara biyu baya, sai su yi haƙuri.

Abin takaici a nan gida shi ne, ma'adinin ilmenait da ake ciro taitaniyom daga gare shi yana nan a tarkacen haƙar kuza na Filato, amma narka shi ya zama ƙarfe aikin ƙasashe ƙalilan ne irin su Sin da Japan da Rasha da Kazakistan, don haka duk sukurun da zai shiga bakin ɗan Malali ko Unguwar Rimi daga waje ya zo. Ƙera shi ba aikin gobe ba ne. Gwada shi kuwa abu ne mai yiwuwa yau. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da sashen injiniyancin ƙarafa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na nan a Tudun Wada kusa da Panteka. A sayi sukurorin da ke yawo a kasuwar Najeriya, a murɗa su a na'ura har su karye, a rubuta lambar da kowanne ya karye a kai, a yanka a duba ƙwayoyinsa. Aikin ɗalibin shekarar ƙarshe ne, kuma sakamakonsa zai fi amfanar likitocin Arewa fiye da bidiyon buɗe kwali ɗari.

Kafin a kai nan, kyamarar wayar da ke aljihu na da aikin yi. Ranar da za a kafa sukurun, mai jinya ya roƙi likita ya bar shi ya ɗauki hoton ledar: sunan kamfani, kauri da tsawo, lambar rukunin ƙira, da ƙa'idar ƙarfen. Aikin daidaita haƙori na iya kai shekara biyu, a cikinsu bautar ƙasa ko karatu na iya ɗauke mutum daga Kaduna zuwa wata jiha. Kowane kamfani kuma da irin kan sukurunsa da irin abin kwancewarsa, ba kamar cajar USB-C da ke shiga kowace waya ba. Likitan da zai cire shi a can, tambayarsa ta farko ita ce na wane kamfani ne.